Wasiƙa Daga Jidda Kan Jikin Hajiya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Hoton katin asibiti da na magungunan da Auta ta turo sun iso, na kuma duba su a natse. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, saboda maganar waya takan bi iska. Don Allah a buga wannan a takarda, a manna a bayan ƙofar ɗakinta, duk wanda ke jinya ya karanta.

Jirin nan da ya kayar da ita a tsakar gida shi ne ya fi damuna. Magani uku take sha: amlodipine na hawan jini, sai metformin da glibenclamide na suga. Na ƙarshen nan yana sa jiki ya sauke suga ko ta ci abinci ko ba ta ci ba. Idan ta haɗiye shi bayan sallar asuba, kuma karin kumallo bai samu ba sai ƙarfe goma don ana jiran koko da ƙosai, suga zai faɗi ƙasa warwas. Alamunsa gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, wani lokaci magana ba kan gado har a ɗauka ruɗewar tsufa ce. Da an ga haka a gwada. In ya gaza 70, a dama suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a rabin kofin ruwa ta shanye, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci sosai. In kuwa ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, zai iya sarƙe ta ya shiga huhu. A kwantar da ita ta gefe a nufi asibiti. A ganina wannan ƙwaya ta glibenclamide ba ta dace da mai shekarunta ba, amma ba ni zan canza ta daga nan ba. A cikin makon nan ka kai ta wurin likitanta, ka faɗa masa ta faɗi, ka tambaye shi ko zai sauya. Kafin nan, ba ta shan ta sai abinci yana gabanta.

Na'urar gwajin suga ma tana da nata tarko. Wata tana nuna 126, wata tana nuna 7, alhali abu ɗaya suke faɗa, ma'auninsu ne ya bambanta: ƙaramar lambar a ninka ta sau 18 a sami babbar. Tamu mai manyan lambobi ce, saboda haka in takardar asibiti ta zo da 6 ko 7 kada hankali ya tashi. A wanke mata hannu da sabulu a tsane kafin a huda, don ragowar dabino a yatsa kaɗai yana iya sa lamba ta yi sama. 'Yan tsinkayen gwajin da ake ɗiga wa jini kuma zafi yana lalata su. A rufe robarsu nan take, kada a bar su a mota ko kan taga, balle a zafin Afrilu.

Shi hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya kaiwa 170 yana ta hirarsa, ba ciwon kai ba komai. Don haka maganar "na ji sauƙi, a bar ƙwayar nan" ba ta taso ba, kullum ne, a lokaci ɗaya. Awo sau biyu, da safe kafin magani da kuma bayan isha'i. Ta zauna minti 5 a kujera mai majingina, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a ɗaura a damtse ba a kan hannun riga mai kauri ba, kuma ban da surutu. In ta ci goro ko ta sha shayi a jira rabin awa. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, a rubuta duka a littafi da kwanan wata. Littafin nan ya fi duk bayanin da za ka yi wa likita da baki. In lamba tana yawan haura 140 bisa 90, a nuna masa. In ta kai 180 bisa 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, ba a kwana da ita a gida. Ɗan kumburin idon sawu da Anti ta lura da shi yakan zo daga amlodipine, a faɗa wa likita, amma kada a daina.

Abin da nake roƙon Allah Ya tsare mu da shi shi ne shanyewar ɓarin jiki. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, ko harshe ya yi nauyi, a duba agogo a riƙe lokacin, a wuce kai tsaye sashen gaggawa na babban asibiti inda za a iya hoton kai, kamar na Malam Aminu Kano. Awannin farko su ne komai. Kada a tsaya kemis, kada a ba ta asfirin kafin hoto, domin in jini ne ya fashe a kai zai ƙara ta'azzara. A yi tofi a cikin mota ana tafiya.

Batun girki, na san nan ne za a sha fama. Gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya wuce cokalin shayi ɗaya ba, wato kimanin giram 5, kuma magi da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Mafi sauƙi a ɗebar mata miyarta kafin a sa magi a tukunya, a ƙara mata daddawa da albasa da citta. Tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta, miyar kuka ko ta zogale da yawa. Wake yana mata kyau. Fura ba suga, ludayi kaɗan. Su kuma 'yan dubiya masu zuwa da katan ɗin lemo, a karɓa a yi godiya, a wuce da shi ɗakin yara. Zuma ma suga ce, ko da an ce ta daji ce.

Ciwon gwiwarta kuma, Yaya, ka sa ido kan haɗin da ake ƙullowa a leda daga kemis. Yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, suna ɗaga jini, suna cin ƙoda, suna kawo gyambon ciki. Farasitamol ya wadatar sai abin da likita ya ce. Maganinta a saya a babban kantin magani guda ɗaya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Masu yawo da lasifika suna cewa kwalba ɗaya ta raba mutum da suga har abada, ka san amsarsu.

Sanyi na tafe. Mai suga jin ƙafarsa yana raguwa, sai ƙaya ta soke shi bai sani ba. Kowane dare Auta ta duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu da fitila, ta shafa man kaɗe a kaushi, ban da tsakanin yatsun. Ruwan alwala wani ya fara taɓawa kafin ta sa ƙafa. Kada ta yi yawo ba takalmi, kada mai yankan farce na titi ya taɓa ta. Kaskon gawayi kuma ba ya kwana a rufaffen ɗaki.

Azumi tun yanzu a fara lallashinta. A tambayi likita, in ya ce kada ta yi, ka sa malaminta ya yi mata bayanin rangwamen da Allah Ya yi wa tsoho da marar lafiya. Daga bakinsa za ta fi karɓa. Ciyarwar ni zan ɗauka.

Kuɗin magani da na asibiti zan riƙa turowa farkon kowane wata. Amma kuɗi ba ya zaman jinya, na sani, kuma nauyin ya fi faɗa wa Anti da Auta. A raba kwana da sauran 'yan uwa, Anti ta samu ta huta, ka kuma miƙa mata godiyata ta musamman. Abu ɗaya nake roƙo: kada a ɓoye min. Hajiya ko tana kwance "lafiya lau" za ta ce, don kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Ku ku faɗa min gaskiya, ko da lambobin littafin ne kawai duk Juma'a.

Muna gabanku da awa biyu, saboda haka in kun idar da magariba ni na riga na dawo gida. A riƙa ba ta wayar a lokacin, kewar muryarta tana damuna ƙwarai. Ina neman hutu, da ya tabbata zan sanar da kai ranar sauka. Ka ce mata ina yi mata addu'a duk lokacin da na samu shiga Harami, ita ma ta ci gaba da sa min albarka.

A gaida Kawu da Gwaggo da yara duka, da maƙwabta da suka yi ta zirga-zirgar dubiya.

Wassalam,
Ƙanwarka