Mutumina, BIOS ta ƙi mutuwa

Assalamu alaikum. Na san wata huɗu ke nan saƙonka na wurina ban amsa ba, kada ka fara min wa'azi. Ka tambaye ni ko na yanke shawara kan batun barin aikin nan, zan zo kansa. Bari in fara sauke abin da ke cina, don a gida ba wanda ya gane dalilin da ya sa nake tsalle ni kaɗai da ƙarfe biyun dare.

Hoton faifan nan namu, wato kwafin faifan kwamfuta gaba ɗaya da muke ɗora wa sabon inji, ya tashi ta hanya biyu! Fayil ɗaya tak, ka ba injin BIOS (tsohuwar manhajar da ke fara tada kwamfuta in an kunna ta) ya karɓa, ka ba injin UEFI (sabuwar da ta gaje ta) ya karɓa.

Ka dai tuna wahalar da muke sha da hoto biyu, a gyara wannan a manta wancan. Da Oga ya ce a haɗe su, ni cewa na yi a binne BIOS kowa ya huta. Abin da aka gada tun kwamfutar IBM ta 1981, har yau yana laluben bait 512 na farkon faifai. Kai ma ai ka cika mana kunne cewa Intel ta ce zuwa 2020 za ta yi sallama da ita. To boka, ina duban naka ya kwana? Masu ba da hayar injuna a girgije, wato ta intanet, ba su bi ta kanka ba. Azure ta Microsoft tana da zubi biyu, na farko BIOS, na biyu UEFI. Injunan ARM na Amazon kuwa UEFI kaɗai suka sani. Wanda ya kafa nasa da QEMU, manhajar kwaikwayon inji, bai taɓa komai ba, wata BIOS mai suna SeaBIOS zai samu. 'Yan Fedora, wani nau'in Linux, ma sun kawo shawarar fara sallamar BIOS a 2022, aka yi musu ca, maganar ba ta wuce ba.

Tsarin kansa ba wuya. Na raba faifan da GPT, sabon tsarin yanka faifai, na ware ɗan yanki na megabait 1 wanda ba a rubuta fayil a ciki, nan GRUB, manhajar da ke loda tsarin aikin kwamfuta, yake ajiye cikinsa saboda BIOS, tunda GPT ta zauna a ratar da yake raɓewa a da. Sai yankin EFI mai tsarin fayil na FAT, inda UEFI ke neman abin tashi, sai sauran na manhajar. Af, ka san lambar shaidar wancan ɗan yankin, in ka mayar da ita haruffa, dariya ce da Turanci tana cewa ita ba ta bukatar EFI? Duk wanda ya zaɓe ta irin halinka gare shi.

Inda na sha kashi shi ne kwana uku cur. A kwamfutata, da OVMF, wato UEFI na QEMU, komai lafiya lau. Ina ɗora shi a girgije sai ya tsaya ƙiƙam, ba abin da ke fitowa sai layin umarnin UEFI yana min ƙifta ido. Na zargi GRUB, na zargi shim, ɗan fayil ɗin da ke tashi kafin GRUB, na zargi mai hayar. Ashe laifina ne. Lokacin girkawa, injina ya rubuta adireshin tashi a ƙwaƙwalwarsa ta NVRAM, kuma wannan ba ya bin hoto. Sabon inji ƙwaƙwalwarsa wayam take, sai ya duba wuri guda, EFI/BOOT/BOOTX64.EFI, ni kuma ban sa komai a can ba. Ka san wa ya gano? Yarinyar nan da aka ɗauka bara, wadda ka ce ba ta magana. Ta leƙo ta kafaɗata, ta nuna da biro, ta koma kujerarta. Ko dariya ba ta yi ba, wannan ya fi min ciwo.

Dogo ya dawo wurin aikinmu fa. Wata biyu ya yi a inda ya koma ya lallaɓo, yanzu cewa yake hutu ya je. Har ya karɓe kujerarka ta kusa da taga, ƙafar ma bai gyara ba.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne sabuntawa. In sabon GRUB ya fito, dole ya shiga wuri biyu. Na EFI fayil ne, ana musanya shi kawai, amma na BIOS sai an sake rubuta shi a farkon faifai. In aka yi rabi aka bar rabi, injin wani zai kwana lafiya ya ƙi tashi da safe. Kuma ɓangaren BIOS ba shi da tantance sa hannun nan da UEFI ke yi kafin tashi, ban san ta yadda zan fahimtar da Oga wannan ba tare da ya ce in sake komai daga farko ba.

Tsohuwar kwamfutar nan taka mai kukan injin niƙa tana nan? In ba ka jefar ba, zan turo maka hoton ka gwada min a kan ƙarfe na gaske. Ka gaida madam da yara, ka ce wa ƙaramin ban manta alkawarinsa ba.

Naka har kullum.