Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Jinkirin Zaman Ɗanta

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya ke da maigidanki. Na ji batun angon nawa: wata 11 bai zauna ba, wuya bai tsaya ba, hannun dama kullum a dunƙule. Masu ce miki kowane yaro da lokacinsa ba su yi ƙarya ba, sai dai lokacin yana da iyaka. Wuya kan tsaya wajen wata 4, zama ba jingina zuwa wata 9, tafiya kafin wata 18. Da yake bakwaini ne, ki riƙa cire wata 2 daga lissafinsa har ya shekara 2. Ke nan ɗan wata 9 ne. A zama yana bakin gaɓa, amma wuyan da hannun sun makara, ga kuma ciwon shawarar da ya yi a makon haihuwa. Wannan ba abin jira ba ne, domin a shekaru 3 na farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo da gyaruwa.

Ki kai shi wurin likitan yara a wannan makon, ki nemi takardar zuwa sashen gashi, wato fisiyo, masu gyaran motsin jiki. Akwai shi a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Ƙashi na Dala. Ki tafi da katin rigakafi, ki kuma ɗauki bidiyonsa a waya yana kwance yana wasa, don yara kan ƙi motsi a gaban baƙo. Ki roƙi a gwada jinsa. Shawara mai tsanani takan taɓa ji kamar yadda take taɓa motsi, kuma yaron da ba ya ji sosai magana za ta yi masa nauyi.

Asibiti koya miki za su yi, aikin yana gida. Ki shimfiɗa tabarma, ki kifa shi rub da ciki yana farke kina kallonsa, minti 3 zuwa 5, sau da yawa, har a tara aƙalla minti 30 a yini. Idan kan ya yi masa nauyi, ki naɗe zani ki tokare ƙarƙashin ƙirjinsa, hannuwa a gaba, ke ma ki kwanta fuska da fuska kina kiransa. Zai yi kuka da farko, kar ki fasa, ki dai rage lokacin. Barci kuwa a rigingine.

In za ki ɗauke shi, kada ki finciko shi ta hannuwa. Ki mirgina shi gefe tukuna sannan ki ɗaga, haka wuyan yake samun aiki. Wurin koyon zama, ki sa shi tsakanin cinyoyinki ki riƙe ƙugunsa, ba kafaɗa ba, domin in kin riƙe sama kin ɗauke wa bayansa aikin. Abin wasa ki ajiye shi ta dama, ɓangaren da yake gudu. Hannun nan da ya dunƙule, kada a ɓamɓare yatsun da ƙarfi: jijiyar da ta sandare in an fizge ta ƙara ƙanƙamewa take yi. A hankali ake buɗewa, daga babban yatsa, yadda mai gashi zai nuna miki da hannunsa. Goyo yana da kyau, ƙafafu a ware a ƙugunki, zani ya tallafi ƙeya. Keken koyon tafiya kuwa ki bar shi a kasuwa, ɗage kawai yake koya wa yaro, ga haɗarin kifewa.

Ki kula da ciyarwa. A zaune, haɓa ta ɗan sunkuya, ƙaramin cokali, kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya. Ban da ɗura. Mai raunin haɗiya in aka kwantar da shi aka ɗura masa, kunun huhu yake zarcewa, daga nan sai tari da zazzaɓi da limoniya. Idan yana yawan ƙwarewa ki faɗa wa likita.

Ki yi ta yi masa hira wurin wanka da shafa mai. In ya yi gwalantu ki amsa, sannan ki yi shiru ki ba shi fili ya rama. Waya da talabijin ba sa yin wannan.

Na san za a kawo miki shawarwari: a yi tsaga, a cire beli, a binne ƙafafu a rairayi. Ki yi godiya, ki bar su a nan. Addu'a kam ki riƙe ta, tare da asibiti.

Abu biyu ba sa jiran ranar da aka ba ki: in ya daina abin da ya riga ya iya, ko ki ga yana zabura a jere yana dunƙulewa, musamman tashinsa daga barci. Ran nan a tafi. Ki sami ɗan littafi kina rubuta kowane sabon abu da kwanan watansa, ki riƙa zuwa da shi asibiti. Uban ma ya bi ku ko sau ɗaya ya koyi atisayen, kada ranar da kika gaji a tsallake.

Ki shafa mini kan angon. Allah ya ba shi lafiya, ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki