Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Maradi Kan Rayukan Ƴan Fim

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni mai ɗaukar hoto ne, ɗaya daga cikin matasan garin nan da ke shirya finafinan Hausa da gajerun wasannin barkwanci muna sakawa a YouTube da TikTok. Abu guda ya sa na rubuto maka: ina roƙon kada a ƙara ɗaukar fim mai haɗari a jihar nan sai an san sunan wanda zai amsa tambaya idan wani ya ji ciwo ko ya rasa ransa. A yau babu wannan mutum. Furodusa ya ce laifin darakta ne, darakta ya ce yaron ne bai iya ba, iyaye kuma su ce ƙaddara ce, a shafa fatiha a watse.

Ran 10 ga Afrilu 2024, jirgin ruwan da ya ɗauko ƴan fim ya kife a jihar Anambra ta Najeriya. Jarumi Junior Pope ya nutse tare da ma'aikata huɗu, cikinsu har da mai kwalliya da mai ɗaukar sauti, ba su sanye da rigar ceto. A 2016 ma, a Indiya, jarumai biyu sun diro daga jirgi mai saukar ungulu zuwa cikin wani tafki kusa da Bangalo, kyamara na ɗauka, suka nutse mutane na kallo. Waɗannan masana'antu ne masu kuɗi. To mu fa? Da damina ta kankama Gulbin Maradi ya kawo ruwa, sai ka ga an kwashi yara an nufi bakin gulbi ko Tafkin Madarumfa don hoton waƙa ya yi kyau. Ana sa yarinya cikin kwalekwale da atamfa da mayafi da takalmi mai tsini, ba wanda ya tambaye ta ko ta iya iyo. Ga masunta nan a bakin ruwa, sun san inda ke da zurfi da inda laka ke riƙe ƙafa, amma jika biyu da za a ba ɗayansu ya tsaya kusa, ita ce ake ƙyashi.

Maganar bindiga ta fi tayar mini da hankali. A 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu yana da shekara 28 saboda wani guntun harsashi ya maƙale a bakin bindiga, aka ɗura harsashin wasa a bayansa, ya tunkuɗo shi. A watan Oktoba 2021, a jihar New Mexico ta Amurka, bindigar da ke hannun jarumi Alec Baldwin a wurin ɗaukar fim ta tashi da harsashin gaske, ta kashe Halyna Hutchins, mai ɗaukar hoto kamar ni, tana bayan kyamararta. Kotu ta ɗaure matar da aka damƙa wa kula da makaman wata 18. Can kenan da ake da ma'aikaci na musamman kan makamai. Mu nan bindigar toka ake arowa wurin maharbi, mai ita ya ce "ba komai ciki", shi kenan a miƙa wa jarumi ya auna abokinsa.

Kuma mu muna da wata masifar da su ba su da ita. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin halin da ake ciki a yankin Madarumfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga ke satar mutane da dabbobi. Yanzu labarin ƴan ta'adda shi ne ke kawo masu kallo, don haka yara ke naɗe fuska da rawani, su rataya bindigar katako da aka shafa wa baƙin fenti, su hau babura su fita bayan gari. Daga nesa wa zai bambance? Sojan da ke sintiri, ko manomin da aka taɓa sace wa ɗa, in ya gan su ya yi harbi, ba zan iya ganin laifinsa ba. Sanar da jandarma da mai gari kafin a fita ba ya cin ko dala.

Abin da ya fi yawa dai shi ne raunin da ba ya shiga labarai. Akwai wani ƙanenmu, ɗan kabu-kabu, da aka ɗauko don ya yi gudu da babur a wani fim, ana bin sa da mota. An ce ya maimaita, ya ƙara wuta, hoton bai yi zafi ba. Tayar gaba ta shiga rairayi, babur ya kwanta a kan cinyarsa. Ina nan tsaye, na ji ƙarar ƙashin. A bayan mota aka kwantar da shi kan tabarmar da muke sallah a kai, aka kai shi wurin maɗori saboda asibiti da tsada. Furodusa ya ba mahaifiyarsa ɗan abin da ya ba ta, ya ce Allah Ya kiyaye gaba. Fim ya fita, mutane sun yi dariya, shi kuwa har yau yana ɗingishi, ƙafar ba ta taka giya. Irinsa ne masu riƙe fitila, da masu jan wayar injin wuta da aka ɗaure da leda a cikin danshi, da mai kyamarar da ke zama a bayan babur ya juya baya, hannu biyu na riƙe da na'ura.

Mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Wanda ya sa ɗan wani cikin ruwa ba rigar ceto don ya rage kashe kuɗi, bai ɗaure komai ba.

Doka ma tana nan. Kundin dokar aiki na 2012 ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa, CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, kuma tana da reshen haɗarin wurin aiki. Sai dai ba a kallon ɗan fim a matsayin ma'aikaci; ba takarda, ba sa hannu, "zo ka taimaka mana" ne kawai. A Amurka, da jirgin ƙasa ya kashe Sarah Jones, mataimakiyar mai ɗaukar hoto, a 2014 kan wata gadar da aka shiga ɗaukar fim ba izini, daraktan ne ya tafi kurkuku. Masu shirya fim a can sun ji wannan hukunci a jikinsu.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka umarci ofishin al'adu na jiha ya zauna da mu, da ƴan kwana-kwana, da masu duba harkar aiki, a fitar da takarda mai shafi ɗaya. Duk wanda zai ɗauki fim a ruwa, ko da wuta, ko makami, ko gudun abin hawa, ko da ƙananan yara, ya rubuta sunansa da wurin da ranar, ya sa hannu cewa jinya da diyya suna wuyansa. A bar takardar kyauta, domin in aka sa mata kuɗi, yara za su gudu daji su ɗauka a ɓoye, abin ya fi na yanzu muni. Ƴan kwana-kwana su koya mana taimakon gaggawa ko na yini guda ne: yadda ake tsai da jini, da yadda ake ɗaga mai karaya. A kuma ajiye rigunan ceto a Madarumfa waɗanda za a riƙa bayarwa haya. Muna so a yi zaman nan kafin ruwan bana ya sauka, in aka kira mu za mu zo.

Allah Ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto, unguwar Zariya, Maradi