Zuwa ga aminina, kan maganar buɗe akawun a ƙasar waje

Assalamu alaikum Alhaji, ya iyali ya jikoki, ya kuma hutun ritaya? Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Saƙonka ya iso, naga kace kai da Hajiya kun yanke shawarar komawa waje da zama amma baku tsayar da ƙasa ba tukuna, kana tambaya ya ake buɗe akawun a can tunda yanzu babu takardar albashi. Wallahi gara da ka tambaya tun baka tashi ba, don yawancin wahalar da ake sha a kan takardun da ya kamata a haɗa ne tun kafin a hau jirgi.

Ko ina kaje banki so suke su san ko kai waye, ina kake kwana, kuma daga ina kuɗinka ke fitowa. Na farkon ba wuya, fasfo mai sauran kwana da biza ko katin izinin zama, sai dai kar ka dogara da bizar yawon buɗe ido, bankuna da yawa basa karɓarta.

Adireshi ne ke tayar wa baƙo hankali. Zasu ce kawo bil ɗin wuta ko na ruwa ko takardar haya da sunanka, galibi wanda bai wuce wata 3 ba, kai kuma saukarka kenan, mai gida yace sai kana da akawun zai baka haya, ofishin shige da fice suce sai sunga kuɗi a banki, banki kuma suce sai ka kawo izinin zama, haka dattijo zai yi ta zirga-zirga da fayil a hammata har ya gaji. Mafita ita ce ka tambayi akawun irin na wanda ba mazaunin ƙasa ba, Sifaniya misali suna buɗewa, in izininka ya fito sai a juya shi. A Fotugal kuwa ba wanda zai saurareka sai ka fara karɓo lambar haraji da suke kira NIF, kuma bizarsu ta D7 dama don masu fansho da irinsu aka yi ta. Tailan sai ka kai shekara 50, sannan ko ka nuna baht 800,000 a bankin ƙasar wata 2 kafin ka nemi izinin zama na shekara ɗaya, ko kuɗin shiga baht 65,000 duk wata. Kaga a can akawun ɗin shi ne ginshiƙin zaman naka gaba ɗaya. In kuma ƙasar Tarayyar Turai ce, tun 2014 akwai dokar da ta ba duk mai zaman halal haƙƙin buɗe ƙaramin akawun na yau da kullum, ka riƙe wannan ko da wani ma'aikaci zai nemi ya sallameka haka nan.

Yanzu maganar tushen kuɗi, nan nake so ka fi maida hankali. Takardar hukumar fanshonka mai nuna nawa ake biyanka duk wata ita ce madadin takardar albashi, ka haɗa da sitatimen na wata 6 da takardar garatuti, in ka sayar da gida ko fili ka taho da takardar cinikin. In ba da yarensu aka rubuta ba sai an kai wa mai fassara da hukuma ta yarda da shi, wasu kuma sai da hatimin apostil, wato hatimin da ke tabbatar da sahihancin takarda a ƙasar waje, na yarjejeniyar Heg ta 1961, ƙasar da bata cikin yarjejeniyar sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci. Duk wannan a gida ake yinsa cikin sauƙi, daga nesa kuwa sai ka ci wata da watanni. Kuma dan Allah kar ranka ya ɓaci in suka yi ta tono, musamman tunda ka riƙe muƙamin gwamnati, ba zarginka suke ba, ƙa'idojin hana halatta kuɗin haram ne na hukumar ƙasa da ƙasa ta FATF da aka kafa tun 1989 suka ɗora musu.

Zasu baka fom ka rubuta ƙasar da kake biyan haraji da lambarka ta haraji, ka rubuta gaskiya, don ƙasashe sama da 100 suna musayar bayanan akawun a ƙarƙashin tsarin CRS. Mai fasfon Amurka ma nashi yafi yawa saboda dokar Amurka ta FATCA ta 2010 mai sa bankunan waje su kai rahoton akawun Amurkawa, har wasu bankuna gudunsu suke.

Abin da yafi damuna shi ne kar ka rufe tsohon akawun ɗinka, kar kuma ka bari layin wayarka ya mutu, ta layin lambar sirrin banki ke shigowa kuma mai yiwuwa ta tsohon akawun fansho zai ci gaba da faɗowa. Ka tambayi hukumar fansho ya ake tantancewar cewa mutum na raye daga waje, don in lokaci ya wuce tsayar da biya suke. Sannan ina roƙonka kar ka zuba kuɗin tsufanka a akawun wani, ko ɗan cikinka ne, a idon doka nashi ne, in ta Allah ta kasance ko bashi ya hau kansa ba ka da bakin magana. Gara ku buɗe na haɗin gwiwa da Hajiya. Ka kuma tambayi inshorar ajiya, a Tarayyar Turai yuro 100,000 ne ga kowane mutum a kowane banki, abin da ya haura sai ka raba.

In kun tsayar da ƙasar ka sanar dani mu bi sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya. Ka gaida Hajiya da yara, Allah ya zaɓa muku mafi alheri.

Naka amini.