Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ba kango ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan bani fili in yi magana kan tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa na ƙauye, waɗanda ake barinsu rufi ya zube, ɓarayi su kwance ƙarafa, daga baya kuma a dawo ana cewa ai tarihi ne. Akwai wata tasha a kudancin Ingila mai suna Sheffield Park, a yankin Sussex, wallahi labarinta ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani.

An buɗe ta a 1882 a kan layin da ya haɗa Lewes da East Grinstead, tasha ce ta cikin daji, ko gari babu kusa sosai. Da motoci suka yi yawa fasinja ya ragu, sai hukumar jiragen ƙasa ta rufe layin a 1955. To nan ne wata dattijuwa Madge Bessemer ta je ta tono tsohuwar dokar da aka gina layin da ita, ta gano ashe doka ta wajabta jirgi huɗu kullum kowane ɓangare, dole ba don sun so ba suka dawo da jirgi a 1956, sai da majalisa ta soke wannan sharaɗin sannan aka sake rufewa a 1958. Mace ɗaya fa, da takarda kawai.

Abin da yafi burgeni shi ne waɗanda suka ɗauki aikin bayan nan ba gwamnati bace, wasu ɗalibai ne suka kira taro a 1959, aka kafa ƙungiya, aka yi karo-karo, a watan Agusta 1960 jirgi mai tururi ya sake tashi daga Sheffield Park. Shi ne layin da ake kira Bluebell yanzu. Kuma ba fenti kawai suka shafa suka tafi ba, sun maida tashar yadda take a shekarun 1880, kalar fentin, fitilu, allunan talla, kai har kayan ma'aikata, ita kuma tashar Horsted Keynes dake gaba aka maidata kamannin wajen shekarun 1920 da 1930. Yawancin masu yankan tikiti da masu zuba gawayi a inji 'yan sa-kai ne, basa karɓar albashi.

Amma ga inda nake so masu karatu su lura. Ɓangaren layin da ba a riƙe da wuri ba, an cire dogon, an sayar da filin gunduwa-gunduwa, wani yankin da aka fasa tudu a Imberhorne ma bola aka maida shi aka cika da shara. Sai da suka bi masu filaye ɗaya bayan ɗaya suna saye, suka tara kuɗi suka kwashe sharar nan da jirgi, basu isa East Grinstead ba sai 2013. Fiye da shekara hamsin akan layin da duka-duka mil 11 ne!

Shi yasa nake ganin duk inda akwai irin wannan tasha, abu na farko a hana sayar da filin, a gyara rufi kafin ruwa ya cinye katako, sannan a nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe a ɗauki bayaninsu tun suna raye, don su suka san inda komai yake. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya zagaya irin waɗannan tashoshin ya ɗauko mana hotuna da halin da suke ciki.

Na gode.
Wani mai karatunku