Godiya ga garejin ƙananan jiragen sama na filin jirgin Garwa

Zuwa ga babban makanike da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mun zaɓi mu yi wannan godiya a bainar jama'a saboda aikin da kuka yi wa jiragen Cessna 206 da ke kai marasa lafiya da magani tsakanin Garwa, Marwa, Ngaundare da ƙauyukan da mota ba ta isa da damina. Wanda aka ɗauko a kan gadon marasa lafiya bai san hannun da ya ɗaure kusoshin fiffiken ba. Ya kamata a faɗa masa.

Gyaran da ake kira STOL, wato shirya jirgi ya iya tafiya a hankali kuma ya tashi ya sauka a gajeren fili, abu uku ne kuka haɗa. Kun ƙara wa gaban fiffike leɓe mai ɗan lanƙwasa ƙasa, domin iska ta ci gaba da bin bayansa ko da an ɗaga hancin jirgi sosai. Kun manna 'yan haƙoran alminiyam a jere a saman fiffiken da kuma ƙarƙashin wutsiya. Sannan kun sa manyan tayoyi, har da sauya cokalin tayar gaba, wato ƙarfen da ke riƙe ta, don ta samu wurin zama.

Haƙoran nan kowa na ganinsu kamar abin wasa, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Amma su ke murɗa iska ta manne wa fiffike, kuma idan layinsu ya karkace, fiffike ɗaya zai riga ɗaya sakin iska, jirgi ya kifa gefe daidai lokacin da yake dab da ƙasa. Mun ga yadda yaranku ke ja zare daga wannan ƙarshe zuwa wancan, su shimfiɗa takardar awo, su goge wurin tas kafin gam ya taɓa shi, kuma da sassafe suke yi, kafin ƙura ta tashi. Gargaɗin da kuka rubuta kusa da murfin tanki ma ya yi amfani: yawancin haƙoran da ke ɓallewa, tiyon mai ne ko gwiwar mai zuba mai ke fige su. Shi ya sa ƙirga su ya shiga cikin duban da ake yi kafin kowane tashi.

Abin da ya fi jawo muku girma a wurinmu shi ne gaskiyar da kuka faɗa tun kafin a biya ku ko sefa ɗaya: gyaran nan yana rage tsawon sauka, amma ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Jirgi zai iya sauka inda ba zai iya tashi ba. Littafin kamfani ya ce 206 mai cikakken kaya, kilo 1,633, yana gudun kusan mita 280 kafin ya bar ƙasa, yana kuma buƙatar kusan mita 570 kafin ya tsallake itace mai tsayin mita 15. To amma wannan lissafin kwalta ne, a bakin teku, a sanyin digiri 15. Garwa tana kan tsayin mita 240 ko kusa da haka, sai dai a watan Afrilu, idan zafi ya kai digiri 42, iska takan yi shara-shara har jirgi ya ji kamar yana kan dutse mai mita 1,300. A Ngaundare, da ke sama da mita 1,100, zafin digiri 32 kawai ya isa ya kai lissafin kusan mita 2,000, inji ya rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa. Ƙara ciyawa da yashi a kan haka. Jadawalin lissafin da kuka buga kuka liƙa a gaban matuƙi ya kashe gardamar da ake yi da masu kaya a bakin fili: lita 100 na mai kilo 72 ne, nauyin mutum guda, sai a zaɓa. Ko a sauke buhu, ko a jira sanyin asuba.

Haka nan shawararku ta kafa alama a tsakiyar kowane fili, ko da farar tsohuwar taya ce. Idan jirgi ya iso wurin bai kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, a janye mai a taka birki. Ba a roƙon inji.

Wajen sauka kuma, kun ƙi yarda a dogara da ƙididdigar 'yan talla. Kun sake ɗora kowane jirgi a kan sikeli bayan gyara, kuka fitar da sabon lissafin nauyi da daidaito, kuka sa aka hau sama aka gwada gudun da fiffike ke sakin iska, aka rubuta. Kafin gyara, 206 yana saki a not 54, kusan kilomita 100 a awa, idan an sauke filaf, wato faifan da ke bayan fiffike, gaba ɗaya. Ana ninka wannan da 1.3 a samu gudun gangarowa, wajen not 70. Duk wanda ya biya kuɗin gyara sannan ya ci gaba da zuwa da tsohon gudunsa har da ƙari don tsoro, ya yi asarar kuɗinsa, domin ƙarin gudu na kashi 10 yana ƙara tsawon sauka da kusan kashi 20. Jirgin sai ya yi ta shawagi bisa fili yana ƙin zama. Wanda kuma ya rage gudu fiye da kima, agogon gudu zai yaudare shi, don ba ya faɗin gaskiya idan hanci ya ɗaga sosai, jirgi ya riƙa nutsewa, kuma ƙara mai ne kaɗai ke tsayar da nutsewar, ba jan sitiyari ba. Akwai wani tarko da kuka nuna wanda ba kowa ya sani ba: idan mutum biyu ne a gaba, baya babu kaya, nauyi yakan rinjaya gaba, wutsiya ta kasa ɗaga hanci a ƙaramin gudu, tayar gaba ta fara dukan ƙasa, bangon da ke bayan inji ya lotse. Maganinsa jarkar ruwa ɗaure da kyau a can baya.

Tayoyin ma sun samu kulawa. Taya mai ƙarancin iska ta fi bin yashi da gargada, amma birki mai ƙarfi kan sa ta zame a kan rim ta tsinke bawul ɗin tib. Layin jan fenti da kuke ja daga taya zuwa rim yana tona wannan tun kafin a yi faci a daji: layi ya rabu biyu, ba tashi. Sai dai babu tayar da ta iya da baƙar lakar filayen Waza da Logon idan ta sha ruwa, kuma kun faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba.

Sauran ƙanana ne amma su ke cinye inji: duba matatar iska kullum a lokacin hazo, sauya baƙin mai kafin awa 50 ta cika idan ana yawan sauka a ƙura, goge tabon tsakuwa a farfela kafin ya zama tsaga, da tsiyayar da ruwa daga man durom. Takardun amincewa da kowane ƙarfe da kuka ɗora kuma sun cika, hukumar kula da jiragen farar hula ta Kamaru ta duba ba ta mayar da ko ɗaya ba.

Roƙonmu ɗaya, ranka ya daɗe: a tanadi tib da haƙoran canji kafin watan Yuni, don odarsu daga Amurka tana ɗaukar makonni, damina kuwa ba ta jira.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira, ya tsare hannuwanku.

Naku,
Matuƙan ƙananan jiragen sama na Arewacin Kamaru