Kafin ka taya kayan masaƙa, ka fara riƙe mazari

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya ƙoƙari, da fatan kana lafiya. Naga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa ba ne don maganar tafi ƙarfin voice note, gara in zauna in rubuta maka.

Kace kai da abokinka zaku fara saro kayan saƙar hannu daga masaƙan ƙauyuka na ƙasashe daban daban kuna saidawa a intanet. Wallahi naji daɗi, Allah ya sa albarka. Amma akwai kalma ɗaya a saƙon da ta tsaya min a rai, inda kace mutanen ƙauye ne basu san darajar kayansu ba, zaku samu da arha. Toh a nan ne zan ja maka kunne.

Kai mayafin kake gani an gama an ninke, baka ga zaren ba. Ni na taɓa riƙe mazari ina yarinya, nasan abinda ke ciki. Kafin a kai ga masaƙi sai an gurje auduga an cire iri, a shiɓe ta, in kuma ulu ne a wanke a tsefe, sannan a zauna kaɗi, kuma kaɗin nan shi ke cinye kwanaki, yafi saƙar kanta cin lokaci nesa ba kusa ba, shi yasa kafin injin kaɗi ya fito a Ingila sai mata da yawa sun haɗu suke iya wadata masaƙi guda da zare. Har yau in kaje tsaunukan Peru wajen Chinchero zakaga mace na tafe bayan tumakinta mazari na juyawa a hannunta, ba don gwaninta ba, don in ta ajiye zaren ba zai ishe ta ba. Idan kazo ciniki ka taya mayafi kamar kuɗin saƙa kawai zaka biya, ita mai kaɗin da baka taɓa ganin fuskarta ba ita ka danne.

Sai rini, wanda ni shine ma yafi bani mamaki. A Tokushima ta Japan ganyen baba da suka busar tara shi suke suna yayyafa ruwa suna juyawa kusan kwana 100 har ya ruɓe, sannan fa a jiƙa shi da ruwan toka a jira ya tashi. Kuma in ka tsoma zare ka ciro ba shuɗi zai fito ba, kore kore ne, sai iska ta buge shi kana kallo ya rikiɗe, a sake tsomawa a sake cirowa sau da yawa kafin yayi duhu. A Meziko kuwa, ƙauyen Teotitlán del Valle, jan da suke sa wa dardumansu daga wani ɗan ƙwaro ne da ke maƙale jikin wani tsiro mai ƙaya, ana busar da shi a niƙe, sai an tara wajen guda 70,000 kafin a samu abinda bai cika rabin kilo ba. Su matsa lemun tsami launin ya koma ruwan lemo, su ƙara wani abu ya koma shunayya. Wanda ya riƙe wannan ilmin a kai ne kake cewa bai san darajar kayansa ba? Ya sani sarai, rashin mai saye da buƙatar yau ne ke sa shi sallamawa.

Yanzu ga inda nafi jiye maka tsoro. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara saida shuni na masana'anta, cikin ƴan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe. Sinadarin da ke bada shuɗin nan iri ɗaya ne, na ganye da na kamfani, mai saye a waya ba zai bambance ba ko ya zuba wa hoto ido kwana uku. Kaga kenan duk abinda ka rubuta a ƙarƙashin hoton shi zasu yarda da shi. Wata rana oda zata yi maka yawa, marini yace na ganye sai bayan wata biyu amma ga na kemikal gobe, abokinka yace wa zai gane. Dan Allah a ranar ka tuna dani. Rinin kemikal ba laifi bane, masaƙa da yawa suna amfani da shi don su ma iyali garesu, ka saida shi da sunansa kawai. Haka in zaren na inji ne saƙar ce ta hannu, ka faɗa hakan.

Wasu wuraren har doka suka yi. A Scotland tun 1993 ba a kiran yadi Harris Tweed sai an saƙa shi da hannu a gidan masaƙin a tsibiran Outer Hebrides na ƙasar. Yawancin waɗanda zaka yi hulɗa dasu basu da doka irin wannan a bayansu, amanarka ce kaɗai. Don haka zanensu ma kar ka ɗauki hoto ka kai wa masu inji su buga maka dubu, wasu zanen gadon kakanni ne, da shi ake gane ƴan wane ƙauye ne. Ka sa sunan ƙauyen a jikin kaya, in mai shi ya yarda harda nasa, kuma ka riƙa bada kafin alƙalami don su sayi ulu da kayan rini, kar kace sai ka saida.

Abu ɗaya nake roƙonka kafin ka tura wa kowa ko sisi. Ka nemo mazari da ɗan auduga, ba wuyar samu zasu yi ba, ka zauna sati guda kana kaɗi ko awa ɗaya ne kullum da dare. Zai yi ta tsinkewa, wani wajen kauri wani wajen siriri, kar ka fasa. Abinda ka tara a satin ka ɗauko hoto ka turo min, sai mu zauna muyi maganar farashin tare.

Ka gaida abokin naka, kace ina son lambarsa nima in ji ta bakinsa. Allah ya yi maka albarka.

Mamanka